Ƙarin neman diyyar nakasa ga tsoffin sojojin Amurka

Ƙarin neman diyyar nakasa shi ne tsohon soja da ya riga ya fara karɓar diyya daga Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da VA, ya sake komawa da wata buƙata: ko don ciwon da aka amince da shi ya tsananta, ko don wani sabon ciwo ya ɓullo, ko kuma don ya samo sabuwar hujja a kan buƙatar da aka ƙi a baya. Diyyar kuɗi ce da ake biya wata-wata, ba a cire mata haraji. Shawarar a sake nema ko a haƙura tana da nauyi, domin sabuwar buƙata kan sa a sake buɗe fayil ɗin mutum.

Tarihi

Biyan sojan da ya nakasa ya girmi ƙasar kanta. A wajajen 1636, Turawan da suka zauna a Plymouth, a jihar Massachusetts ta yanzu, sun yi dokar cewa jama'a za su ɗauki nauyin duk wanda ya nakasa a yaƙinsu da ƙabilar Pequot ta 'yan asalin Amurka. A 1776 majalisar 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ta yi alkawarin fansho ga sojojin da suka ji rauni, sai dai biyan ya rataya a wuyan jihohi, kuma ba kullum aka cika shi ba. Yaƙin basasar Amurka ne ya faɗaɗa abin sosai: dokar 1862 ta haɗa da cututtukan da aka kamu da su a bakin aiki, ba raunin harsashi kaɗai ba, ta kuma shigo da matan mamata da marayu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kafa ofishin tsoffin sojoji a 1921. A 1930 Shugaba Herbert Hoover ya haɗe shi da ofishin fansho da gidajen kula da nakasassun sojoji, aka samu hukuma guda, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989. Jadawalin auna nakasa da ake aiki da shi ya samo tushe daga na 1945, ko da yake an sha yi masa gyara. Shekaru da dama babu kotun da ke duba hukuncin hukumar, sai a 1988 aka yi dokar kafa kotu ta musamman.

Sauyin doka yakan jawo ƙarin buƙatu. Sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam sun daɗe suna kukan cewa maganin kashe ciyayi da ake kira Agent Orange ne ya jawo musu cututtuka, ana ce musu su kawo hujja. Dokar 1991 ta buɗe hanyar ɗaukar wasu cututtuka a matsayin waɗanda aikin soja ya jawo ba tare da an nemi wannan hujja ba. Haka aka yi a watan Agustan 2022, lokacin da Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ta shafi waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afghanistan, ta kuma ƙara hawan jini cikin cututtukan Agent Orange. Mutanen da aka taɓa mayar wa da takardunsu sun samu damar komawa.

Lissafin kaso

Ana auna kowace nakasa daga kashi 0 zuwa 100, goma-goma. Amma ba a tara su kamar kuɗin cefane. Idan mutum yana da kashi 50 saboda ciwon baya, ana ɗaukar cewa saura masa lafiya kashi 50. In aka ba shi 30 saboda gwiwa, daga cikin wannan ragowar za a cire, wato 15, jimla 65, a zagaye ta zuwa 70. Wanda ke kan 90 daidai, ƙarin ciwo mai kashi 10 zai kai shi 91 ne kawai, ya koma 90. Sai ya samu ƙarin kashi 50 kafin ya taɓa 95, wadda ake zagayewa zuwa 100. Duk da haka mutane suna matsawa, domin a 2024 mai kashi 90 marar iyali yana karɓar kusan dala 2,240 a wata, mai kashi 100 kuwa sama da 3,700.

Abin da ke sa a nema

Kuɗin wata ba shi ne komai ba. Daga kashi 30 ake ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya. Wanda ciwo ya hana shi riƙe aikin da zai ci da kansa zai iya karɓar kuɗin mai kashi 100, idan yana da nakasa ɗaya mai 60, ko jimlar 70 da ɗaya mai 40 a ciki. Akwai kuma ciwon da wani ciwon ya haifa, kamar gwiwar da ta lalace ta sa mutum ɗingishi har ƙugu ya kamu.

Dalilin da aka fi mantawa da shi shi ne na iyali. Idan cutar da aka amince aikin soja ne ya jawo ta ta zama ajalin mutum, matarsa tana da haƙƙin diyyar wata-wata. Saboda haka ko mai kashi 100, wanda kuɗinsa ba zai ƙaru ba, yakan nemi a rubuta masa ciwon zuciya ko na huhu a fayil.

Haɗarin ragi

Neman ƙari yakan jawo sabon gwajin likita, kuma idan aka ga sauƙi mai ɗorewa ana iya rage kaso. Wannan ne tsoron garin neman ƙiba a samo rama. Doka ta sa shinge: kason da ya shekara 5 ba a rage shi da gwaji ɗaya, bayan shekara 10 ba a soke alaƙar ciwon da aikin soja sai in an yi zamba ko an gano mutum bai yi aikin sojan da ya cancanta ba, bayan shekara 20 ba a saukar da kason sai in an gano zamba. Kafin ragi ana ba mutum kwana 60 ya kawo hujja, da kwana 30 ya nemi a saurare shi. Masu ba da shawara sun rabu a kan yawan faruwar ragin.

Hanyar nema

Takardar bayyana niyyar shigar da buƙata tana riƙe wa mutum ranar fara biya har shekara guda. Tun 2019 wanda bai gamsu da hukunci ba yana da zaɓi uku: babban jami'i ya sake dubawa, ya kawo sabuwar hujja, ko ya ɗaukaka ƙara. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su American Legion da DAV suna taimakawa wajen cike takardu kyauta.