Giɓin albashi tsakanin maza da mata: aiki, aure da haihuwa

Giɓin albashi tsakanin maza da mata shi ne tazarar da ke fitowa idan aka kwatanta abin da ma'aikata maza ke samu da abin da ma'aikata mata ke samu a ƙasa ɗaya ko a sana'a ɗaya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta shi da kusan kashi 20 cikin 100 a faɗin duniya. A Amurka, cikin shekarun nan, macen da ke cikakken aiki na samun wajen senti 83 a duk dala ɗaya da namiji ya samu. A Tarayyar Turai tazarar albashin awa ba ta wuce kashi 12 zuwa 13 ba, a Koriya ta Kudu kuwa ta kusa kashi 30.

Waɗannan alƙaluma jimilla ce. Sun haɗa likita da mai shara, da mai aikin awa 35 a mako da mai awa 60, don haka ba sa nuna kai tsaye cewa ana biyan mace ƙasa da namijin da suke aiki iri ɗaya. A ƙasashe masu arziki, bincike ya nuna mafi yawan tazarar da ta rage tana buɗewa ne bayan haihuwar fari.

Tarihi

An daɗe ana raba albashi bisa jinsi a fili, ba ɓoye-ɓoye. Daga wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, hukumomi da kamfanoni da dama a Turai, Amurka da Ostareliya suna da ƙa'idar cewa mace ta ajiye aiki ranar da ta yi aure. Malaman makaranta da ma'aikatan ofis ne abin ya fi shafa, kuma a Amurka ya tsananta lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, da hujjar cewa gida ɗaya bai kamata ya ci albashi biyu ba. Birtaniya ta soke ƙa'idar a aikin gwamnati na cikin gida a 1946, Ostareliya a 1966, Ireland sai a 1973. Budurwar da ta san aikinta zai ƙare da ɗaurin aure ba ta da dalilin kashe shekaru tana karatun likita ko lauya, shi ma mai kamfani ba ya ganin amfanin horar da ita.

Dokoki sun biyo baya a hankali. A 1951 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 100 kan biya daidai ga aiki mai daraja ɗaya. Shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar daidaita albashi ta Amurka a 1963, lokacin da mata ke samun kusan senti 59 a dala. A 1968 matan da ke ɗinka rigunan kujerun mota a masana'antar Ford da ke Dagenham a Ingila suka shiga yajin aiki, saboda an sa su a sahun marasa ƙwarewa ana kuma biyansu kashi 85 na abin da maza ke samu a sahun. Da kujeru suka ƙare, haɗa motoci ya tsaya cik. Ministar ƙwadago Barbara Castle ta shiga tsakani, kuma a 1970 majalisa ta yi dokar daidaita albashi, wadda ta fara aiki a ƙarshen 1975. A ranar 24 ga Oktoba na 1975 ɗin, kimanin kashi 90 na matan Iceland suka ƙi zuwa aiki, suka ƙi girki da reno na yini guda.

Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ita ce ta fi kowa tono wannan tarihi. Ta nuna cewa shigar matan aure aikin neman kuɗi a Amurka ba hawa ɗaya ta yi ba: ta ragu a ƙarni na 19 da aiki ya bar gona da gida ya koma masana'anta, sannan ta tashi a ƙarni na 20 da yawaitar aikin ofis da karatun sakandare. Ta kuma gano cewa masu ƙidaya sukan rubuta mace a matsayin matar gida kawai, ko da ita ce ke riƙe da kanti ko gidan haya.

Bayan haihuwar fari

Masanin tattalin arziki Henrik Kleven da abokan aikinsa sun bi bayanan ma'aikatan Denmark na shekaru masu yawa. Kafin haihuwa, samun miji da na mata suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da zarar an haihu na matar ya faɗi, na mijin bai motsa ba, kuma bayan shekara goma matar na baya da kusan kashi 20. Da aka yi irin wannan lissafi a wasu ƙasashe, sai aka samu kusan kashi 31 a Amurka, 44 a Birtaniya, 61 a Jamus. Matan Denmark da suka ɗauki yaro riƙo su ma samunsu ya faɗi kusan daidai da na waɗanda suka haifa, abin da ke nuna reno ne sanadi fiye da ciki da jego.

Wani bincike na 2010 kan waɗanda suka gama digiri na biyu a fannin kasuwanci a Jami'ar Chicago ya samu maza da mata sun fara da albashi kusan ɗaya, amma bayan shekara 10 zuwa 15 maza sun yi nisa ƙwarai. Katsewar aiki da raguwar awoyi ne suka bayyana mafi yawan bambancin, kuma iyaye mata ne akasarin masu yin su.

Ayyuka masu haɗama

Goldin ta danganta hakan da yadda ake biyan wasu ayyuka. A harkar lauyanci, banki da ba kamfanoni shawara, wanda ke amsa waya da tsakar dare ya kuma tashi tafiya ba shiri yana samun fiye da ninkin wanda ke yin rabin awoyinsa. Idan miji da mata duk lauyoyi ne kuma yaro ya kwana da zazzaɓi, dole ɗaya ya zauna. Raba nauyin daidai na nufin gidan ya yi asarar kuɗi, don haka ɗaya ke ɗaukar aikin haɗama, ɗaya mai sassauci, kuma galibi matar ce ta biyun.

Aikin harhaɗa magunguna a Amurka ya bi wata hanya. Da, mai kanti ne ke tsaye dare da rana. Da manyan kamfanoni suka karɓe kantunan, bayanan majiyyata suka koma kwamfuta, kowane ma'aikaci na iya maye gurbin wani, sai biya ya zama gwargwadon awa. Samun mata a sana'ar ya tashi daga wajen kashi 66 na na maza a 1970 zuwa sama da kashi 90 a 2010.

Saɓani

Francine Blau da Lawrence Kahn sun samu cewa a Amurka ta 2010, nau'in sana'a da ɓangaren aiki sun bayyana kusan rabin giɓin, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma ya rage ba bayani. Wasu masana na ganin bambancin sana'o'in maza da mata a matsayin zaɓi. Wasu na cewa zaɓin da tsadar gidan reno da al'ada suka tilasta ba zaɓi ba ne. Gwajin Shelley Correll na 2007 ya nuna takardar neman aiki da ta nuna mace uwa ce tana samun ƙarancin kira, alhali ta uba ba ta samu cikas ba.

Matakai

Sweden ta buɗe hutun haihuwa ga uba da uwa a 1974, Norway ta ware wa uba nasa kason a 1993. Tun 2017 Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama su bayyana giɓinsu.

A Najeriya

Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza. Sai dai akasarin mata ba albashi suke ci ba. Binciken Enid Schildkrout a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna matan kulle na sana'ar abinci da ɗinki daga cikin gida, yara na kai musu talla, kuma irin wannan samu ba ya shiga lissafin albashi.