Italiyancin hidimomin yau da kullum

Italiyancin hidimomin yau da kullum shi ne kalmomi da jimlolin da mutanen Italiya ke amfani da su wajen cefane, zuwa banki, gidan waya ko kantin magani. Irin wannan zirga-zirga suna kiranta commissioni. Mai fita yakan ce "Devo fare delle commissioni", wato ina da 'yan hidimomi a gari.

Asali

Daidaitaccen Italiyanci ya samo tushe daga karin harshen birnin Firenze na ƙarni na 14. Lokacin da aka haɗe ƙasar a 1861, kaɗan ne ke magana da shi. Masana sun saɓa kan adadin, daga kashi biyu da rabi zuwa kusan goma cikin ɗari. Kasuwa kuwa ta kare-karen yankuna ce, har sai da makaranta da talabijin, wanda ya fara aiki a 1954, suka yaɗa harshe ɗaya. Ragowar bambancin na nan: ledar zuba kaya wasu su ce busta, wasu sacchetto.

Kantin taba, tabaccheria, mai alamar harafin T, yana da nasa tarihi. A da gwamnati kaɗai ke da ikon cinikin gishiri da taba, shi ya sa har yau ake ganin "Sali e Tabacchi" a allunan, ko da yake an saki gishirin tun wajajen tsakiyar shekarun 1970. A nan ake sayen tikitin bas da marca da bollo, kan sarkin da ake liƙawa a takardun hukuma, galibi na yuro 16.

Faɗin inda za a je

Idan mai sana'a aka ambata, kalmar Italiyanci "da" ake sawa: dal macellaio (wurin mahauci), dal medico (wurin likita). Idan shagon ne, musamman mai ƙarewa da -ia, sai kalmar "in": in farmacia (kantin magani), in macelleria (shagon nama). Banki ma in banca ne, kasuwa kuma al mercato. Fare la spesa cefanen abinci ne, fare spese kuwa sayayyar tufafi da makamantansu.

A gaban kanta

Inda babu injin lamba, mai shigowa yakan tambaya "Chi è l'ultimo?", wa ke ƙarshen layi. Mai kanti zai ce "A chi tocca?" (layi ya zo kan wa?), a amsa "Tocca a me" (ni ne). Ba a cewa voglio (ina so), don yana da kaushi. Vorrei (zan so) ake cewa, kuma da Lei ake girmama wanda ba a sani ba, kamar yadda Bahaushe ke ce wa babba "ku". Cuku da yankakken nama da etto ake auna su, giram 100: "Vorrei due etti di formaggio". In mai kanti ya ce "Altro?" (sai me kuma?), amsar gamawa ita ce "Basta così". Sai a karɓi scontrino, rasit ɗin da doka ta wajabta wa 'yan kasuwa tun 1983. Ba a taya kaya a kanti.

Mai guje wa alade ya riƙe "C'è maiale?" (akwai alade?). Prosciutto naman alade ne, strutto kuma kitsensa, wanda ake sawa a wasu nau'o'in burodi.

Kurakuran furuci

Baƙi mai ruɓi yana sauya ma'ana, abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi: casa gida, cassa wurin biyan kuɗi. Harafin c kafin e ko i kamar c na Hausa yake, amma ch sautin k ne, sc kafin e kuma sh. Don haka pesce kifi ne, pesche kuwa wani nau'in 'ya'yan itace.

Lokaci

Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa daga ƙarfe ɗaya zuwa wajen huɗu na yamma, sai masu rubutun orario continuato, wato ba hutun rana.