Waiwaye: Yadda sola ta sauko daga kumbo ta hau rufin gidajenmu

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. An lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, na biyun da ya taso daga Inugu ya biyo ta Makurɗi shi ma ya samu matsala, sai aka rasa ta inda wutar za ta bi ta iso. A kwanakin nan ne kowace unguwa ta san gidajen da ke da sola. Da magariba za ka ga yara sun nufi gida guda, kowa riƙe da wayoyin iyayensa biyu ko uku, mai gidan ya jawo doguwar waya zuwa zaure, an jera su a kan tabarma kamar hajar kasuwa. Shekara 15 kafin wannan, da wuya ka samu gida ɗaya mai farantin sola a layi guda.

Ranar da ke dukan rufin nan ita ce dai ta zamanin kakanninmu. Abin da ya sauya farashi ne, kuma tarihin sola kusan dukkansa tarihin faɗuwar farashi ne.

Tun a 1839 wani matashi Bafaranshe ɗan shekara 19, Edmond Becquerel, ya lura cewa haske na iya haifar da lantarki a jikin wasu sinadarai. Abin ya zauna a ɗakin gwaji fiye da shekara 100. Sai a 1954 masu bincike uku a Bell Labs da ke Amurka suka ƙera faranti da sinadarin silikon, wanda asalinsa daga yashi ake tace shi, mai iya mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta. Tsadarsa ta sa babu mai iya saye sai masu harba kumbo, waɗanda ba su da hanyar kai wa na'urarsu mai a sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam na Vanguard 1 da aka harba a 1958 da ƙananan farantai ya yi aiki.

Da rikicin man fetur na 1973 ya gigita ƙasashen Yamma, gwamnatoci suka fara zuba kuɗi a bincike. Duk da haka, a 1977 wat ɗaya na sola yana kaiwa wajen dala 76. A wancan lissafin, faranti mai wat 500 irin wanda yau ake ɗaurawa a bayan adaidaita-sahu a kai gida zai ci dala 38,000.

A daidai wannan zamanin akwai wani mutumin Tasawa da ya riga mutane da yawa hangen abin. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a 1929, masanin kimiyyar lissafi da haske ne da ya yi karatu a Faransa, ya dawo ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, tun daga 1969 har tsakiyar shekarun 1980. A Yamai suka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa da murhu da na'urar busar da amfanin gona, duk masu aiki da zafin rana. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi yau. A Najeriya ma an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato a farkon shekarun 1980. Ilimin bai yi mana ƙaranci ba a lokacin. Masana'antu da jari ne babu, ga kuma kananzir mai arha, ga Kainji da aka kammala a 1968 tana ba da wuta har ana tura wa Nijar. Wa zai saurari mai maganar rana?

Jamus ce ta karya farashin, ƙasar da rana ke yi wa rowa. A shekarar 2000 ta yi doka cewa duk wanda ya kafa sola a rufinsa za a sayi wutarsa a kan farashi mai tsoka har shekara 20. Manoma da magidanta suka yi rububi. Caina ta ga kasuwa ta buɗe, ta gina manyan masana'antu, ta riƙa ƙerawa da yawan da ba a taɓa gani ba, kuma duk lokacin da yawan ya ninka sai farashi ya sake faɗuwa. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin faranti ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Yau fiye da kashi 80 na farantan duniya daga Caina suke fitowa, kuma a bakin masana'anta wat ɗaya bai kai centi 20 ba. Wato magidancin Jamus ne ya biya kuɗin koyon sana'ar a takardar kuɗin wutarsa, mu kuma muka zo muka tarar da gara.

Arhar faranti kaɗai ba za ta isa ba. Ƙwan fitila na da yana shan wat 60, mafi yawansa zafi yake zama. Ƙwan LED mai wat 7 ko 9 yana ba da haske irin wannan. Haka fanka da talabijin da firji suka rage ci. Saboda haka ɗan farantin da bai fi faifai girma ba ya isa ya haska ɗaki uku ya cika waya. Daga nan aka samu dabarar biya kaɗan-kaɗan ta waya, wadda ta yi ƙarfi a Kenya ta hannun kamfanin M-Kopa tun wajen 2012, ta iso Najeriya daga baya. Bangladesh kuwa ta kafa wa gidajen karkara sama da miliyan 4 ƙananan na'urori ta hanyar bashi mai sauƙi.

A wajenmu, gaskiya, ba son muhalli ne ya kai mutane shagon mai sola ba. Wahala ce. An canja wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma har yau wutar da ake raba wa mutum sama da miliyan 200 tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma yara ba su daina ihun "NEPA!" ba idan an kawo. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati kwata-kwata. Janareta ne ya riƙe gari, shi kuma tallafin mai ne ya riƙe shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. A Nijar kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da ƙasar ke dogaro da ita wajen kusan kashi 70 na buƙatarta, aka yi watanni a haka, masu sayar da faranti a Yamai suka ga ciniki. Tashar sola ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai, mai megawat 30, da ta fara aiki a shekarar ta ɗan rage raɗaɗin.

Manyan ayyuka sun taimaka wajen sa mutane su yarda: shagunan kasuwar Sabon Gari a Kano da aka haɗa wa sola a 2018, da megawat 7.1 na Jami'ar Bayero a 2019, da megawat 7 na Malbaza a Nijar. Amma abin da ya fi shawo kan magidanci shi ne ya ga fankar maƙwabcinsa tana juyawa da ƙarfe biyun dare a watan Afrilu, babu ƙara, babu hayaƙi.

Amfanin da ya fi bayyana yana hannun mata. Matar da ke haɗa zoɓo da kunun aya a cikin gida, a da ribarta tana narkewa tare da ƙanƙarar da take saye. In aka ɗauke wuta kwana biyu, kunun ya yi tsami, jari ya tafi. Da firjin sola tana ɗaura ruwa da safe, da la'asar ta sayar da ƙanƙara, a watan azumi har layi ake yi mata a ƙofar gida. Ga mai ɗinki, ga mai aski, ga ɗalibin da ya huta da hayaƙin aci-balbal. Akwai kuma ruwa, wanda a ganina ya fi haske muhimmanci. Famfon burtsatse na sola ba ya buƙatar batir: rana ta fito ya tura ruwa tanki, ta faɗi ya tsaya, tankin ya ɗauki sauran aikin. Manoman rani da mai ya kusa kora daga fadama sun koma kansa saboda wannan dalilin. Sai maganar rai: hayaƙin janareta da aka shigo da shi cikin gida don gudun ɓarawo ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne batir. Faranti mai kyau yana yin shekara 25, amma batirin dalma, mai ruwa ko marar ruwa, da ƙyar yake wuce shekara biyu zuwa huɗu a zafinmu, musamman in ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Na litiyam yana iya kaiwa shekara goma, sai dai kuɗinsa na farko yana tsorata mutum, kuma dukkan kayan da dala ake shigo da su, ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Ni kaina na taɓa sayen batir biyu da aka rantse mini sababbi ne, wata bakwai suka yi suka daina riƙe fanka zuwa asuba. Daga baya wani mai gyara ya nuna mini inda aka goge tsohuwar lamba aka manna sabuwar takarda. Akwai farantan da aka rubuta musu wat 300 alhali ba su kai 200 ba, akwai masu haɗawa da siririyar waya har ta yi zafi ta kama da wuta. Matattun batura kuma 'yan jari-bola ne ke fasa su da hannu su zubar da ruwan a ƙasa, mu kuwa mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito.

Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ba da wutar. Haske ne, zafin ma rage ƙarfin faranti yake yi in ya yi yawa. Ƙura ta fi shi ɓarna. Lokacin hunturu, kwana kaɗan sun isa faranti ya yi fari fat, caji ya ragu, maigida ya fara zargin wanda ya haɗa masa solar. Maganin bokitin ruwa ne da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. A wasu unguwannin wannan ma ya zama sana'ar samari: suna bi gida-gida da tsani a kafaɗa, ana biyansu a kan kowane faranti.