Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Kan Zuhudu da Natsuwar Zuciya

Tambayoyin nan ana maimaita mini su bayan kusan kowane karatu, har na ga ya fi sauƙi in rubuta amsoshinsu sau ɗaya in huta.

Shin zuhudu, wato gudun duniya, shi ne talauci?

A'a. Abdurrahman bn Auf attajiri ne, kuma yana cikin mutum goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Mai zuhudu yana riƙe dukiya a hannunsa ba tare da ta mallake zuciyarsa ba, alhali akwai wanda ba shi da abincin dare amma kwaɗayin abin duniya ya hana shi barci.

Sanya shadda mai tsada girman kai ne?

An riga an yi wa Annabi (SAW) irin wannan tambaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito, sai ya ce Allah kyakkyawa ne kuma yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Ka sa shaddarka, amma ka kula da yadda kake amsa sallamar mai gadin gidanka.

Malam, ina da shago, amma na gaji da neman kuɗi, zuciyata ba ta samun natsuwa. In rufe shagon in koma ga ibada kaɗai?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsa ta a tsaye a ƙofar masallaci, domin amsarta ta dogara ga abubuwan da mai tambaya ya fi ni sani. Gaskiya ne Imam Ghazali ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095, lokacin da ya gane cewa neman suna ne ke motsa shi, kuma ya shafe kusan shekara goma a keɓe. Amma masu kawo mini wannan misali suna mantawa cewa sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci kafin ya fita, kuma daga baya ya koma koyarwa a Naisabur.

Saboda haka sai in fara tambayarka, bakin mutum nawa ke ci daga shagon nan? Idan akwai mata da 'ya'ya da tsohuwa a gida, da yaran shago biyu da suka dogara da kai, to ciyar da su wajibi ne a kanka, keɓewa kuwa ba ta wuce nafila ba. Lokacin da Sa'ad bn Abi Waƙƙas ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, sulusi kawai Annabi (SAW) ya yarje masa, ya ce barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Sannan ka bincika abin da ya gajiyar da kai. Wataƙila cinikin kansa ba shi da laifi, abin da ke damunka shi ne rantsuwar ƙarya a kan farashi, ko bashin da ka danne, ko ido da kake zuba wa rumfar maƙwabcinka duk lokacin da motar kaya ta tsaya a gabanta. Idan haka ne, rufe shago ba zai raba ka da ciwon ba, domin za ka ɗauke shi ka shiga halwa tare da shi. Mai yiwuwa kuma gajiya ce ta jiki, wadda rage sa'o'in kasuwa zai warkar. Idan kuwa ƙuncin ya kai ga hana barci da ci na makonni, ka ga likita, babu abin kunya a ciki. Ban ce babu wanda barin kasuwa ya dace da shi ba, sai dai irinsu kaɗan ne, kuma ba su yanke shawarar a ranar da ciniki ya yi musu tsiya.

Zikiri nawa zan yi kafin in samu natsuwa?

Zikiri ba ƙwayar asibiti ba ne da za a ce biyu da safe biyu da dare. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa, amma mutum ya riƙe carbi a hannun dama, waya a hagu, yana ja yana duba saƙo, sannan ya zo ya ce bai ji komai ba. To, me kake so ka ji?

Me ya sa raina ke ɓaci idan na ga abin da wasu suka mallaka a Facebook?

Domin an umarce ka da kallon na ƙasa da kai a sha'anin duniya, kai kuma ka wuni kana kallon na sama. Ka rage shiga.

Ina ibada amma har yanzu ina son a yabe ni. Ni munafuki ne?

Kwantar da hankalinka. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri, kuma damuwar da ta sa ka yi wannan tambaya aikin na biyun ne. Kada ka bar aikin alheri don tsoron riya. Ka ci gaba da yi, amma ka ware wata sadaka guda wadda ko matarka ba za ta san da ita ba.