Waiwaye: Ƙwayoyin gado da sankarar maƙoshi mai ƙin jin magani

Tun da aka fara yi wa masu ciwon daji allurar kemo, likitoci ke fama da tambaya ɗaya: mutum biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya, amma ƙarin wannan ya motse, na wancan ko gezau. Me ya raba su?

Bakin zaren ya fito a 1976 a birnin Toronto na Kanada, inda Rudolph Juliano da Victor Ling suka gano wani furotin a jikin ƙwayoyin halittar da suka daina jin magani. Aikinsa tamkar famfon kwashe ruwa ne: magani na shiga, yana turo shi waje. Aka sa masa suna P-glycoprotein. A 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke ƙera shi, wato MDR1, wadda yanzu ake kira ABCB1. Wasu famfunan suka biyo baya, MRP1 a 1992, ABCG2 a 1998.

A shekarar 2000 masu bincike a Jamus suka nuna cewa ƙwayar MDR1 ba iri ɗaya ba ce a jikin kowa. Akwai wani gurbi a cikinta da ake kira C3435T inda harafi ɗaya tak na rubutun gado ke sauyawa, daga C zuwa T. Nan fa aka yi ca a kai, har da masu nazarin sankarar maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Paclitaxel, ɗaya daga cikin magungunan da gwajin CROSS na ƙasar Holan ya nuna amfaninsu a 2012 idan an haɗa da gashin daji, wato ƙona ƙarin da haske, kafin tiyata, yana cikin abubuwan da wannan famfo ke fitarwa. Wasu kuma suka yi hasashen cewa famfo mai rauni zai bar gubar taba ta daɗe a jiki. Sai dai sakamakon ya yi ta karo da juna, wannan ya ga alaƙa, wancan bai gani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bincike na 2001. Ya gano kusan kashi 83 cikin ɗari na mutanen Gana da aka gwada sun gaji nau'in CC, wato harafin C daga uwa da uba a wancan gurbi, alhali a Turawa kashi 26 ne kawai. Ke nan abin da aka auna a jikin Bature ko Basine ba lalle ya dace da Basakkwace ba, kuma mafi yawan nazarin wannan cuta a Sin da Turai aka yi shi.

Cutar ta fi ƙamari a arewacin Sin da Iran da gabashin Afirka, ta kuma kashe mutum fiye da rabin miliyan a 2020. A nan Sakkwato ba ta kai haka yawa ba, amma mai ita kan iso asibiti a makare. Tuwo ya fara tsaya masa a ƙirji, ya koma kunu, ya rame, a yi ta jiƙe-jiƙe. Sai yawu ma ya gagara haɗiya kafin ’yan’uwa su kawo shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da sashen gashin daji. A 2016 hukumar binciken daji ta duniya ta sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Salshiyas cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ta, lamarin da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke kurɓar shayi yana turiri.

A ganina, jami'armu da asibitinta na da hurumin fara tattara bayanan ƙwayoyin gadon majinyatanmu, Hausawa da Fulani da Zabarmawa, da yardarsu, a kuma riƙa bin diddigin yadda kowannensu ya ji magani.