Mayar da fistin na kalifar birki lokacin canjin fad

Mayar da fistin shi ne tura fistin ɗin da ke cikin kalifar birkin mota ya koma can cikin raminsa, domin a samu filin da sabon fad, wato abin da ke goga faifan birki ya tsayar da taya, zai shiga. Kalifa dai ita ce ƙarfen nan da ya rungume faifan birki, kanikawa na ce wa faifan dis, kuma a cikinta fistin yake zaune, idan direba ya taka birki man birki ya turo shi, shi kuma ya matse fad a jikin faifan. Sabon fad yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12, ana canza shi idan ya cinye ya kai wajajen milimita 3, to duk wannan kaurin da ya tafi fistin ne ya fito ya cike gurbinsa, shi ya sa idan aka zo mayar da kalifa kan sabon fad sai ka ga ta ƙi shiga sam.

Tarihi

Asalin aikin ya dogara ne da ƙa'idar da Blaise Pascal ɗan Faransa ya bayyana a ƙarni na 17, cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi matsin yana isa ko'ina daidai. An daɗe kafin wannan ya shigo mota. Wani Ba'amurke Malcolm Loughead, wanda daga baya aka koma rubuta sunan gidansu Lockheed, shi ya yi rajistar birki mai aiki da mai a wajajen 1917 zuwa 1918, sannan motar Duesenberg Model A da ta fito kusan 1921 ita ake yawan kawowa a matsayin ta farko da aka sayar da irin wannan birki a tayoyi huɗu. Amma duk birkin ganga ne a lokacin, wato mai ganga a madadin faifai.

Shi kuwa birkin faifai, Frederick Lanchester ya yi rajistarsa tun 1902 a Birmingham ta Ingila, sai dai bai karɓu ba, saboda abin da ke goga faifan tagulla ce, ga ƙara mai ban haushi ga saurin cinyewa a kan titunan ƙasa na wancan zamani. Jiragen sama ne suka raya shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka kamfanin Crosley ya gwada shi a ƙananan motocinsa a 1949 amma bai jima ba ya janye, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana sa kalifar ta yi tsatsa ta ƙame, matsalar da har yau ita ce babbar abokiyar gaban mai canjin fad. Abin da ya juya labarin shi ne tseren motoci na awa 24 na Le Mans ta Faransa a 1953, inda Jaguar C-Type mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta yi nasara. Bayan shekara biyu, a 1955, Citroën DS ta fito da faifai a gaba, Triumph TR3 ta biyo baya a 1956, daga nan sai abin ya bazu, tayoyin gaba tukuna, na baya sun daɗe da ganga.

Da faifai ya isa tayoyin baya sai wata tambaya ta taso, ya za a yi da birkin hannu, tunda shi waya ke jan sa ba mai ba. Wasu kamfanoni suka ɓoye ƙaramar ganga a tsakiyar faifan, wasu kuma suka dasa wani sukuru a cikin fistin ɗin kansa, kuma wannan zaɓi na biyu shi ne ya haifi fistin ɗin da sai an murɗa shi. Birkin hannu na lantarki mai maɓalli ya fara bayyana a wajajen 2001 a manyan motoci irin su BMW 7 Series da Lancia Thesis.

Me ya sa ba ya komawa da kansa

A cikin ramin kalifa akwai zoben roba mai kusurwa huɗu da ya kama fistin. Idan aka taka birki robar tana ɗan lanƙwashewa ta bi shi, idan aka saki ta miƙe ta jawo shi baya, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba, iya dai yadda fad zai saki faifai. Idan fad ya ci, fistin sai ya zame gaba ta cikin robar ya samu sabon mazauni, man birki daga kwalbar da ke ɗakin injin ya gangaro ya cike bayansa. Wannan ne dalilin da ya sa man yake raguwa a kwalba a hankali ko da babu yoyo.

Fistin da ake turawa

Kusan duk na gaba haka suke, da na bayan da ke da ɓoyayyar ganga. Ana barin tsohon fad a kan fuskar fistin, a kawo maɗauri mai siffar harafin C ko na'urar buɗe fistin, a riƙa murzawa a hankali har fuskar ta yi daidai da bakin rami. Tsohon fad ɗin ba ado ba ne, shi ke raba ƙarfin daidai, domin idan fistin ya karkace ko kaɗan zai cije, sannan akwai waɗanda ba na ƙarfe ba ne, na wata taurarriyar roba ce mai tsagewa idan aka danna ta a gefe guda. Kafin a tura, ya kamata a share datti a jikinsa kuma a duba robar kare ƙura ko ta yage, in ba haka ba yashi da tsatsa aka tura ciki kenan.

Kalifa mai fistin biyu ko huɗu ko shida tana da nata halin, ka danna wannan wancan ya ɓullo, sai an tokare sauran ko a tura su tare.

Fistin da ake murɗawa

Ana gane shi da tsaga biyu ko huɗu a fuskarsa, kuma galibi wayar birkin hannu tana haɗe da kalifar kai tsaye. Wannan idan aka sa masa maɗauri aka yi ta matsa, sukurun ciki ne zai lalace. Ana murɗawa ana dannawa lokaci guda, da na'ura mai haƙora da ke shiga tsagar, bayan an saki birkin hannu. Yawanci dama ake juyawa, amma akwai motocin da gefe ɗaya hagu yake bi. Wani abu da sababbin hannu ke mantawa, wasu fad ɗin suna da ɗan ƙulli a baya wanda dole ya faɗa cikin tsagar fistin, idan bai shiga ba fad ya zauna a karkace ya cinye gefe ɗaya.

Na lantarki kuwa sai an sa motar a yanayin gyara, ta kwamfutar duba mota ko ta matakan da littafinta ya nuna.

Man birki

Duk man da ke bayan fistin kwalba yake komawa, saboda haka idan an taɓa ƙara mai lokacin da fad ya ci, zai iya ambaliya, kuma yana cin fenti. Ana buɗe murfin a zuƙe kaɗan da sirinji kafin a fara. Nau'in man birki da ake kira DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska, sabon DOT 3 yana tafasa ne daga digiri 205 na Salshiyas, DOT 4 daga 230, amma da ruwa ya shiga sai adadin ya faɗi. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su.

Akwai saɓani kan buɗe ɗan notin fitar da iska yayin turawa. Wasu na cewa a buɗe don kada tsohon mai ya koma cikin na'urar ABS mai hana taya kullewa idan an taka birki, wasu na cewa hakan na iya shigar da iska. Littafin motar ne ke raba gardama.

Haɗari

Ba a aiki a kan jak kaɗai sai da matokari, ba a barin kalifa tana lilo a jikin tiyonta, a rataye ta da waya, ba kuma a hura ƙurar birki da iska, musamman tsofaffin fad masu asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu. Idan fistin ya ƙi motsi duk da ƙarfin da ya dace, to ko ya ƙame da tsatsa ko tiyo ya toshe daga ciki, gyara ko canji yake so.

Mafi muni shi ne na ƙarshe. Bayan an haɗa komai fistin yana can ciki nesa da fad, takun farko feda za ta tafi ƙasa babu birki ko kaɗan, saboda haka kafin mota ta motsa sai an taka fedar sau da yawa, gajeren taku, har ta yi tauri, sannan a sake duba man da ke kwalba.