Head on a platter: karin maganar Turanci ta neman a hukunta mutum

Head on a platter karin magana ne na Turanci da ke nufin "kai a kan faranti". Idan aka ce jama'a suna son kan wane a faranti, ana nufin ransu ya ɓaci matuƙa, ba abin da zai sanyaya musu zuciya sai sun ga an hukunta shi a bainar jama'a, galibi ta hanyar tsige shi daga muƙami ko korarsa daga aiki. An fi cin karo da shi a jaridu: kulob ya yi ta shan kashi magoya baya su taso koci a gaba, ko wata badaƙala ta fashe 'yan adawa su ce sai minista ya sauka.

Asalinsa labarin kisan Yahaya Mai Baftisma ne, wato Annabi Yahaya a wurin Musulmi, kamar yadda ya zo a Linjilar Matiyu sura 14 da ta Markus sura 6. Hirudus Antibas, mai mulkin Galili, ya auri Hirudiya matar ɗan'uwansa. Yahaya ya fito fili ya ce auren bai halatta ba, aka tsare shi. Ranar bikin zagayowar haihuwar Hirudus, 'yar Hirudiya ta yi rawa gaban manyan baƙi, abin ya burge shi har ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa, ko da rabin mulkinsa ne. Ta je ta tambayi uwarta, ta dawo ta ce kan Yahaya take so, a kan faranti. Ran sarki ya ɓaci, amma kunyar baƙi da nauyin rantsuwa suka sa ya tura a sare kan a kurkuku. Yarinyar ta karɓa ta kai wa uwarta.

Linjila ba ta faɗi sunan yarinyar ba. Masanin tarihin Yahudawa Yusifus ne ya ambaci 'yar Hirudiya da suna Salome, ya kuma ce a sansanin Makairus, gabas da Tekun Gishiri, aka kashe Yahaya, don Hirudus na tsoron farin jininsa ya jawo tawaye. Fassarar Baibul zuwa Turanci ta Sarki James na Ingila ta 1611 ma ba platter ta rubuta ba, charger ta ce, tsohuwar kalmar babban faranti.

Abin lura, wanda aka kashe a labarin ba shi da laifi, kuma har yau inuwar hakan na bin karin maganar. Marubuci yakan zaɓe shi ne idan yana ganin masu neman hukuncin, huce haushi ya fi damunsu da bin gaskiya.